Jingar Malam Ambaliya

"Ba haka ake yi ba," in ji shi daga kan gado. "Jiƙa hannunka tukuna. Laka ce, ba takarda ba."

Na jiƙa hannuna. Ina da shekara saba'in da ɗaya, ga ni durƙushe a ɗakin maƙwabcina, gwiwoyina suna ƙara kamar tsohuwar ƙofa, ina gina ƙasar da ban taɓa zuwa ba a cikin daron wanki. Shi ma bai taɓa zuwa ba. Shekara talatin da biyu yana koyar da labarin ƙasa a makarantar sakandaren da ke ƙarshen layinmu, kuma duk shekara, idan 'yan aji biyar suka iso kan ƙasar Holan, sai ya gina ta a daro ya kai musu. Gefe ɗaya teku, gefe ɗaya ƙasa wadda ta fi tekun zurfi, a tsakaninsu jinga, wato tudun lakar da ke tare ruwa. Ya jera kwalayen ashana a matsayin gidaje, ya rina ruwa da bula, ya zuba. Duk shekara kuma jingar sai ta fashe, ruwa ya kwashe gidajen ya malale ajin. Yara suka sa masa suna Malam Ambaliya, sunan ya bi shi har bakin mai shago da mai gyaran keke, har matarsa kafin ta rasu takan kira shi da shi in ya ba ta haushi.

Ni kuwa aikina gyaran rubutu ne a maɗaba'a, shekara arba'in ina bin kuskuren mutane da jan biro. Mutumin da zai yi kuskure guda sau talatin da biyu bai gyara ba, ban san inda zan ajiye shi a raina ba. Na sha gaya masa haka ta saman katangar da ta raba barandarmu. Sai ya yi dariya ya ce, "Mai Jan Biro ke nan."

"Ƙara tsawo ta wajen hagu," ya ce. Ya tsaya ya ja numfashi ta robar da ke hancinsa. Tukunyar iska tana tsaye kusa da gadon, doguwa, koriya, tana huci. Zuciyarsa ce ta gaji, ruwa yana taruwa masa a ƙirji. Sau biyu a watan nan aka kai shi asibiti aka zuƙe. Ƙafafunsa sun kumbura har safa ba ta shiga.

"Ka ga abin da na koma?" ya ce. "Holan ce kwance a gabanka. In injin da ke zuƙe ruwan ya tsaya, teku ya shigo."

"In ka rage surutu injin zai huta."

'Yarsa ta shigo da kofin shayi ta ajiye mini a ƙasa. Ita kaɗai ya haifa, malamar jinya ce a wani gari, ta ɗauki hutu ta zo. Ta dubi tabarmar da na ɓata da laka.

"Baba, ka yi haƙuri da shi," ta ce mini. "Tun safe yake lissafin Alhamis."

Alhamis ce ranar darasin. An kawo wata sabuwar malama ta riƙe masa ajin, yarinya mai hankali, in ji shi, amma hotuna take nuna musu a allon bango. Ya roƙe ta ta bar masa awa ɗaya ta darasin daro, ta yarda, yana zaton zai miƙe kafin ranar. Bai miƙe ba. Shi ya sa ya buga bangon ɗakina da sandarsa har sau uku, abin da bai taɓa yi ba, ya ce in je a madadinsa.

Na ce masa ba na son yara. Ya ce su ma ba sa son tsofaffi, sai mu yi daidai. Na ce rabona da wuce shagon kan kwana tun da aka fita da matata, shekara shida ke nan. Ya ce ya sani, tagarsa tana kallon ƙofata. Na ce ya nemi wani. Ya ce, "Daron naka ne."

Nan ya kama ni. Daron na matata ne, farin kwano mai shuɗin baki, da ɗan tabo inda fentin ya ɓantare. Duk shekara yakan aro shi ya dawo da shi a wanke. Shekarar da ta rasu yana hannunsa, bai dawo da shi ba, ni kuma ban tambaya ba. Na dai riƙe shi a raina, cikin jerin abubuwan da duniya ta ɗauke mini ba sallama. Jerin yana da tsawo, kuma ina bitarsa kullum bayan karin safe.

Da na gama ginin, ya ce a ɗora masa daron a cinya. Ni da 'yarsa muka ɗaga. Ya zuba wa aikin ido kamar mai duba jarrabawa. Sannan ya miƙa hannu ya danna babban yatsansa a gindin jingar, ta wajen teku, har lakar ta lotsa.

"Shi ke nan," ya ce. "Kai shi ya sha iska. Kada rana ta taɓa shi."

Na kai shi barandata na ajiye a inuwa. Da la'asar na fito da kujera da littafi, amma idona ya ƙi barin wurin nan da ya lotsa. Na sa yatsa na auna. Kaurin jingar a nan bai kai rabin na sauran ba. Ko yaro ya san ta nan ruwa zai ci. Na ce a raina, ga shi nan, shekara talatin da biyu, ashe hannun ne ba ya iya barin abu lafiya. Na ɗebo ragowar laka, na cike ramin, na shafe da bayan cokali har ba a gane wurin. Rabon da in ji daɗin wani aiki haka har na manta.

Ranar Alhamis na ɗauki daron a ka, don ba ta yadda zan riƙe shi a hannu. Tela ya daina taka kekensa ya bi ni da ido. Mai shago ya leƙo ya ce, "Baba, talla aka fara?" Na ce masa eh, hankali nake sayarwa, amma ya fi ƙarfin aljihunsa.

Ajin yana hawa na biyu. Yara wajen arba'in, maza da mata, masu shekara goma sha shida zuwa sha bakwai. Ina shiga na ga sun riga sun ja teburan gaba baya, sun bar fili. 'Yan layin farko sun ɗora jakunkunansu a cinya, wasu sun naɗe ƙafa a kan benci. Wani dogo ya cire takalmansa ya rataya a taga. Sabuwar malamar ta gabatar da ni a matsayin abokin Malam. Ban gyara mata ba, ko da yake kalmar ta yi wa abin yawa.

Na buɗe littafin darasinsa, mai baƙin bango, rubutun ciki duk ya karkace dama. Na karanta musu yadda ya rubuta. Holan tana arewa maso yammacin Turai, a bakin teku. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu na ƙasar yana ƙasa da ruwan teku. Mutanen sun yi jinga, sun zuƙe ruwa daga fadama da tafki suka mai da su gonaki, a da can da injin da iska ke juyawa, yanzu da na lantarki. Na karanta da kyau, ban tsallake waƙafi ko ɗaya ba. Ba wanda ya dube ni. Duk idanu suna kan butar.

Na zuba ruwan bula a gefen teku. Ya hau, ya wuce tsayin rufin kwalayen ashana da ke ɗaya gefen, ya tsaya daf da bakin jingar. Ajin ya yi tsit. Na ja baya na harɗe hannu.

Minti ɗaya. Biyu. Wani ya yi tari.

Wata yarinya mai tabarau a layin farko ta ɗaga hannu. "Baba, yaushe za ta fashe?"

"Ba za ta fashe ba."

"Yayata ta ce tana fashewa."

"A zamanin yayarki ba ni na gina ba."

Ta dubi daron, ta dube ni, ta sauke jakarta ƙasa. Ɗaya bayan ɗaya suka sauke ƙafafu. Dogon nan ya je ya ɗauko takalmansa. Wani a baya ya tambayi malamar ko wannan zai fito a jarrabawa. Kafin a kaɗa ƙararrawa rabin ajin sun koma hirarsu, biyu sun kifa kai a tebur. Malamar ta yi mini godiya irin wadda ake yi wa wanda ya kawo saƙon da ba a gane ba.

Duk da haka da ƙafar nasara na hau matakalar gidansa. Na tarar an ƙara masa matashi, yana zaune rabi. Bai bari na zauna ba.

"Har ina ruwan ya kai?"

"Bai kai ko'ina ba. Ko ɗigo bai tsallaka ba. Karo na farko a tarihin makarantar nan Holan ta kwana a bushe."

Ya dube ni. Na zaci bai ji ba, na maimaita. Na gaya masa ramin da hannunsa ya yi, da yadda na cike.

"Ka cike," ya ce.

"Na cike."

Ya rufe ido. Tukunyar iska ta yi ta hucinta. Na ji 'yarsa tana wanke kwanuka a kicin, cokali yana bugun tasa. Da ya buɗe ido babu fushi a ciki, abin da ya fi ba ni haushi ke nan.

"Mai Jan Biro, kana ganin shekara talatin da biyu ban iya gina bangon laka mai tsawon taƙi ɗaya ba?"

Na jawo kujera na zauna.

"Yaro in ka ce masa ƙasa tana ƙasa da teku, zai rubuta. Zai ma ci jarrabawa. Amma bai ji ba. Sai ruwan ya taɓa masa ƙafa." Ya tsaya ya nemi iska. "Sai sun ga gidajen suna yawo... sannan wani zai tambaya, to me ya sa ba su gudu ba? Darasin daga nan yake farawa. Duk abin da ke gabansa share fage ne. Wa ya tambaya yau?"

"Wani ya tambaya ko zai fito a jarrabawa."

Ya yi wata 'yar dariya da ta koma tari. 'Yarsa ta leƙo, ya ɗaga mata hannu ta koma.

"Me ya hana ka faɗa?" na ce. "Ka bar unguwa guda tana yi maka dariya. Ka bar ni ina yi maka."

"In sun san da gangan ne, ai ya zama wasa. Gara su ɗauka Malam ne bai iya ba. Yaro ba ya manta ranar da malaminsa ya ji kunya." Ya juyo da kai. "Shekarar farko kam kuskure ne. Na dawo da daron ina jin kamar in nutse, na ce wa matarka ba zan ƙara ba. Tana shanya a nan barandar. Ta yi dariya har ta zauna a ƙasa. Ta ce, Malam, ai wannan kaɗai za su tuna, baɗi ka fasa da kanka. Ita ta nuna mini inda zan danna. Ta ce a ƙasa, ta wajen ruwa, inda ido ba ya zuwa."

"Ba ta taɓa gaya mini ba."

"Ta ce in ka sani za ka gyara."

Na zauna ina kallon lakar da ta bushe a ƙarƙashin farcena. Shekara talatin da takwas muna ɗaki ɗaya da matar nan, ina gyara mata jerin cefane in ta rubuta, ina gyara mata labari in tana ba baƙi. Ashe tana da wani abu da ta kai ajiya gidan maƙwabci don kada jan birona ya same shi.

"Suna da darasi ran Litinin," ya ce.

"Malamar ba za ta sake ba da awa ba."

"Je ka roƙe ta."

"Ban iya roƙo ba."

"Ka koya. Ni ma ban iya mutuwa ba, ga shi ina yi."

Washegari na je na roƙe ta, a tsaye a bakin ofishin malamai, hulata a hannu. Ta ce suna baya a manhaja, jarrabawa saura mako biyar. Na ce mata kuskure na yi, ina so in gyara. Da na ji kalmar ta fito daga bakina sai na ce, a'a, ina so in ɓata. Ta dube ni kamar za ta kira mai gadi, sannan ta ce rabin awa.

Ran Asabar na kankare tsohuwar lakar na sake kwaɓa sabuwa. Ran Lahadi da hantsi na kai masa daron. A kwana biyun nan ya zube ƙwarai. Leɓɓansa sun yi duhu, numfashinsa yana ƙara kamar ana jan ruwa da tsinke a ƙasan kofi. Likita ya zo ya tafi, 'yarsa ta raka shi har ƙofa, ta daɗe ba ta dawo ba.

Muka ɗora masa daron. Ya ɗaga hannu ya kai yatsan wurin, amma lakar ba ta ko motsa ba. Ya sake gwadawa. Ya dube ni.

"Danna mini."

Na kama babban yatsansa, yana da sanyi, na ɗora nawa a kai na danna. Lakar ta lotsa.

"Ƙara," ya ce. "Kai da rowa."

Na ƙara.

Ran Litinin yaran ba su ja tebur ba. Sun riga sun yanke mini hukunci. Mai tabarau ta bar jakarta a ƙasa, dogon nan yana sanye da takalmansa. Ban karanta komai ba. Na ce musu ga teku, ga ƙasa, ga gidajen mutane, na zuba ruwa har baki, na tsaya kusa da daron.

Da farko wani ɗan duhu ne ya bayyana a gindin jingar ta wajen gidaje, kamar gumi. Ya faɗaɗa. Wani siririn ruwa ya silalo ya taɓa kwalin farko. Wata ta ce, "Kai, ku duba!" Kafin su gama miƙewa jingar ta buɗe gaba ɗaya, tekun ya afka, kwalaye suka tashi suna juyawa, ruwan ya bugi bakin daron ya tsallako ya sauka a kan wandona da takalmana ya bi ƙarƙashin benci. Ihu ya tashi. Jakunkuna sama, ƙafafu sama, dogon nan yana tsalle da ƙafa ɗaya. Malamar ajin kusa ta leƙo ta ga ko gobara ce. Wani daga baya ya yi kira, "Baba Ambaliya!" ajin ya ɗauka.

Na tsaya a cikin ruwan na bar su suka yi dariyarsu. Ba ta kashe ni ba.

Da hayaniyar ta lafa, mai tabarau tana riƙe da jiƙaƙƙen littafinta da yatsu biyu, ba ta dariya. Tana kallon wani kwali da ya kife.

"Baba, da gaske akwai mutane a irin wannan wurin? Suna kwana ruwa yana sama da kansu?"

"Miliyoyi."

"To me ya sa ba su tashi ba?"

Na buɗe baƙin littafin. A shafi na gaba, wanda ban kai ba ran Alhamis, ya rubuta tambayar nan da kansa, kusan kalma da kalma, ya ja mata layi. A ƙarƙashinta babu amsa, sai dai: A bar su su yi gardama. Na rufe littafin na ce, "Ke a ganinki fa?" Sabuwar malamar ta jawo kujera ta zauna. Rabin awar ta zama awa ɗaya, ba ta dubi agogo ba.

Ban tsaya canza kaya ba. Na hau matakalarsa takalmana suna fitar da ruwa. 'Yarsa ta tare ni a ƙofar ɗaki ta ce a hankali, "Baba, tun ɗazu ya daina magana. Amma yana ji."

Na shiga na tsaya inda zai gan ni. Idanunsa a buɗe suke kaɗan. Na shirya jawabi a hanya, da adadin kwalayen da suka kife da sunan da yaran suka sa mini, amma na ga ba a fuskata idonsa yake ba. Wandona yake kallo, fari ne da safe, yanzu shuɗi daga gwiwa zuwa ƙasa, yana ɗiga a kan tabarma. Ya daɗe yana kallo. Gefen bakinsa ya ɗan motsa.

"Mai tabarau ce ta tambaya," na ce. "Ta layin farko."

Ya lumshe ido ya buɗe.

Na zauna a kujerar gefen gado. 'Yarsa ta riƙe hannu ɗaya, ni ban san abin da zan yi da nawa hannuwan ba, sai na riƙe ɗayan. A waje yaran makaranta sun taso, muna jin su suna wucewa a ƙarƙashin taga. Wajen ƙarfe uku numfashin ya fara nisa da juna. Ya ja ɗaya, muka jira na gaba, bai zo ba. 'Yarsa ta duba wuyansa da yatsu biyu irin na aikinta, ta shafa masa ido, ta miƙa hannu ta murɗe kan tukunyar iskar. Sai a lokacin na san irin ƙarar da take yi.

"Allah ya jiƙanka, Malam," na ce. Ban sami abin gyarawa a jimlar ba.

Bayan kwana huɗu, da mutane suka ragu, sabuwar malamar ta aiko da daron a wanke. Na ce a gaya mata baɗi ta aiko a karɓa, kuma ta zo da kanta, akwai wurin da zan nuna mata.

Wandon na wanke shi sau biyu, bular ta ƙi fita. Na shanya shi a igiyar da ta ratsa daga barandata zuwa tasa, na tura daron ƙarƙashinsa don kada ya jiƙa wa na ƙasa baranda. Na fito da kujera da littafi na zauna. Tagarsa a rufe take. Ruwan yana sauka a cikin daron ɗigo ɗigo, da ɗan shuɗi-shuɗi.